Daga filafili zuwa farfela: yadda inji ya sauya kwalekwalen Yawuri

Kafin 1968, wanda ya taso daga Yelwa a cikin jirgin ruwa ya nufi kudu, babban abin da yake tsoro shi ne dutse. Tsakanin Yawuri da tsohuwar Busa, Kogin Kwara yana rarrabuwa a tsakanin gungaye, ya kutsa ta cikin duwatsu, ya yi gudu a wuri guda, ya kwanta a wani. A irin wannan ruwa, matuƙin kirki shi ne wanda zai iya tafiya a hankali ba tare da ruwan ya ƙwace masa jirgi ba. Gungawa da Sarkawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna wannan aiki da filafili da doguwar gora, a cikin kwalekwalen da aka sassaƙa daga gungumen itace guda. Da su fataken Gwanja suka riƙa tsallakar da jakuna da goro, da su kuma ake kai albasa da kifi kasuwa.

Baƙin da suka zo da nasu jiragen sun ɗanɗana kuɗarsu. A ƙarshen 1805, Mungo Park ya haɗa wani jirgi a Sansandin, cikin ƙasar Mali ta yau, daga ɓangarorin tsofaffin kwalekwale biyu da ya zaɓi masu sauran lafiya ya haɗe. Tsawonsa ya kai ƙafa 40, faɗinsa ƙafa 6, gindinsa a shimfiɗe, ya sa masa suna Joliba. Jirgin ya yi tafiyar fiye da kilomita dubu har ya iso Yawuri, inda ɗan jagoransa Amadi Fatuma ya sauka. Daga nan bai yi nisa ba. A farkon 1806 ya maƙale a duwatsun Busa, Park da sauran Turawan da ke tare da shi suka halaka a ruwa. Richard Lander da ƙanensa John, waɗanda suka iso Yawuri a 1830, sun fi shi wayo ta fuska guda, domin kwalekwalen mutanen wurin suka shiga, matuƙan wurin suka tuƙa su. A 1896 wani hafsan sojan ruwan Faransa, Hourst, ya gangaro da jirgin da aka ƙera da alminiyom, ya ratsa duwatsun da ƙyar.

Madatsar ruwan Kainji ta rufe wannan babi. An fara aikinta a 1964, aka tare kogin a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, wanda kansa na arewa ya taɓo Yelwa. Duwatsun Busa suka nutse, tsibirin Foge ya nutse, aka tayar da mutane fiye da dubu 40 zuwa sababbin matsugunai. An yi rubuce-rubuce da yawa game da gidajen da aka gina musu da gonakin da suka rasa. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne cewa sana'ar tuƙi ita ma ta wayi gari a wata duniya. Gora ba ta taɓa ƙasa a tsakiyar tafki. Tsallaken da a da ake yi daga gungu zuwa gungu ya koma tafiyar kilomita da yawa a buɗaɗɗen ruwa, inda iska ke tayar da igiyar da kogin bai saba da ita ba. Dantsen mutum ya kasa, aka koma ga inji.

Injin da ya zo shi ne wanda ake ratayawa a bayan jirgi. Ole Evinrude ne ya mayar da irinsa hajar kasuwa a Amurka wajajen 1909, kamfanin Yamaha na Japan kuma ya fitar da nasa na farko a 1960, daga baya ya riƙa ƙera samfurin Enduro musamman domin masunta da masu jigila a ƙasashen da gyara ke da wuya. Mai ƙarfin doki 15, da 25, da 40, su ne aka fi sani a ruwayen Najeriya, ana cakuɗa musu fetur da baƙin mai.

Mai kallo daga gaɓa kan injin kawai yake gani, alhali rabin aikin yana ƙarƙashin ruwa. Kan injin yana juyawa sau dubu biyar ko kusa da haka a minti ɗaya. Wannan juyi yana bin wata sandar ƙarfe da ta sauka a tsaye cikin ƙafar injin, har zuwa wani ɗan akwati da ke nutse. A cikinsa ƙaramar giya mai haƙora a karkace tana cizon babba, sai juyin ya karya kwana ya koma a kwance, ya kuma ragu da kusan rabi kafin ya kai ga farfela. Abin da aka rage na sauri ba ya ɓacewa, yana komawa ƙarfin murɗawa. Ƙa'idar da ke sa direban tirela ya sa giya ta ɗaya a kan tudu ke nan. Masu sha'awar ƙera ƙananan motocin wasa da ake sarrafawa daga nesa domin hawan duwatsu sun kai wannan ƙa'ida maƙura, suna jera giya a kan giya har motar lantarkin ta juya sau talatin ko arba'in kafin taya ta juya sau ɗaya, saboda a kan dutse rarrafe ake bukata. Tsohon matuƙin Busa da gorarsa zai fahimci wannan tunani nan take.

Sai dai matuƙin tafki ba shi da giya ta ɗaya da ta biyu. Gaba, baya, da tsaka-tsaki kawai ke gare shi. Hanya ɗaya da zai daidaita injin da nauyin kayansa ita ce farfela. Wadda fukafukanta suka kwanta tana cizon ruwa kaɗan a kowane juyi, tana barin injin ya yi numfashi, ita ce ta dace da jirgi mai lodi. Wadda fukafukanta suka karkace sosai ta jirgi marar nauyi ce. Idan aka ɗaura ta biyun a jirgin da aka shaƙe da buhunan masara da babura da fasinjoji, injin zai yi ta gurnani bai kai juyinsa ba, ya sha mai, ya yi zafi, haƙoran giya su ci juna. Yawancin aikin da ke zuwa wa bakaniken bakin ruwa daga nan yake tasowa, ko kuma daga zaren taru da ya naɗe sandar farfela ya cinye robar da ke tsare man giya, ruwa ya shiga, man ya koma fari kamar kunu. Shi kuwa bakanike, wanda sabon kaya ya fi ƙarfin aljihun mai jirgi, ya kan ciro giya daga mataccen inji ya dasa a mai rai, ya daki farfelar da ta lanƙwashe har ta miƙe. Gwaninta ce ta gaske, kuma da ita jigilar tafkin ke tafiya.

Inji ya kuma sauya jikin jirgin. Da filafili, girman kwalekwale yana tsayawa inda ƙarfin masu tuƙi da kaurin itace suka tsaya. Da inji ya zo, wannan iyaka ta kau. Kafintoci suka koma haɗa jirgi da katako da ƙusa, gindi a shimfiɗe, suna ƙara tsawo gwargwadon kuɗin mai saye. A nan ne lissafin ya fara karkacewa. Injin an auna shi a masana'anta, kowane haƙori da lissafinsa, amma jikin da zai tura an auna shi da ido. Dogon jirgi marar ƙashin baya mai ƙarfi yana lanƙwasa duk lokacin da igiya ta ɗaga tsakiyarsa ta bar kai da gindi, ko ta ɗaga kai da gindi ta bar tsakiya. Girgizar inji tana sassauta ƙusoshi sannu a hankali, ba tare da kowa ya gani ba.

Dutsen ma bai tafi gaba ɗaya ba, ya dai sami magaji. Ba a sare dukkan dajin da ruwa ya rufe ba, kututture na nan tsaye a ƙasa. Ruwan tafkin yana hawa da sauka da kusan mita 10 a shekara, yana cika da farin ruwan damina da kuma baƙin ruwan da ke isowa daga tsaunukan Gini cikin hunturu, sannan ya ja baya. Hanyar da aka bi lafiya a watan Janairu tana iya zama tarko a watan Yuni. Wanda ke tafe da filafili idan ya ci karo da kututture, tsayawa zai yi ya kauce. Mai injin doki 40 da cikakken lodi ba ya samun wannan dama.

Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako ya taso daga yankin Borgu na Jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutane fiye da 150. Ya tsage a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, jami'ai kuma suka ɗora laifin a kan tsufan jirgin da lodin da ya wuce kima. Bayan haka an yi maganar rigunan kariya da hana tafiyar dare, kuma duka biyun suna da amfani. Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 domin kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, ita ke da alhakin rajistar jirage da duba lafiyarsu. Amma tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023, kuɗin kowace tafiya ya ninka, kuma hanyar da ta fi sauƙi ga mai jirgi ya fitar da kuɗin mai ita ce ƙara fasinja a kan katakon da ya riga ya gaji.

A bikin Rigata da ake yi a Yawuri, har yanzu ana tseren kwalekwale da filafili a gaban Sarki da jama'a, samari suna nuna abin da kakanninsu suka iya. Ranar kasuwa kuwa, jiragen da ke cika tashar ruwan Yelwa masu inji ne, kafinta daban ya haɗa jikin, bakanike daban ke kula da giyar, mai jirgi kuma shi ke yanke yawan buhunan da za a ɗora.