Masu Ƙasa da Baƙi a Hanyar Gwanja

Duk wanda ya ji labarin fataken Gwanja ya san goro ne ya kai su. Ayari yakan tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa, da tufafin rini, da fatu, ya ƙetare Kwara wajen Yawuri ko Ilo, ya ratsa ƙasar Bargu, sa'an nan ya sauka a Salaga. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida, wani lokaci har shekara. A tsakiyar hanyar akwai manyan zanguna biyu, Paraku da Jugu, waɗanda ke arewacin Jamhuriyar Benin a yau. Labarin fatake sananne ne. To, su wane ne mutanen da suka tarar a can?

Paraku tana cikin ƙasar Baatonu, waɗanda maƙwabta ke kira Bariba. Sarakunansu mahaya dawaki ne, ana ce da zuriyarsu Wasangari, babban birninsu kuwa Nikki. Sarkin Paraku yana riƙe da sarautar Akpaki. Bisa ga tatsuniyar kakanni, Wasangari jikokin Kisira ne, wani sarki da ya baro gabas domin ya ƙi barin addininsa. Ana jin wannan labari a Nikki, da Busa, da Ilo. Amma ko su Wasangari baƙi ne da fari. Sun tarar da manoma da maharba, suka bar musu hidimar ƙasa. Sarki yana da doki da mashi, amma hadayar shuka da ta girbi tana hannun mai ƙasa. Baatonu sun san Mahalicci ɗaya, Gusuno, suna kuma girmama kakanni da iskokin duwatsu da na itatuwa.

Haka abin yake a Jugu, wadda fatake ke kira Zugu. 'Yan asalin wurin su ne Yom, da 'yan'uwansu Taneka, da Lokpa. Gidan sarauta yana unguwar Kilir, asalinsa kuma daga Gurma. Dabam da Kilir akwai unguwar Wangara, inda 'yan kasuwa Musulmi suka zauna, Dendawa da Hausawa da sauransu. Su ne suke saukar da ayari, suna dillanci, suna biyan sarki haƙƙinsa. Harshen Dendi, wanda yake dangin Zabarmanci, ya zama harshen kasuwa a garuruwan biyu har wa yau.

Abin lura shi ne, kowa ya san iyakarsa. Liman yana masallacinsa, sarki yana fadarsa, mai ƙasa yana wurin hadayarsa. An yi shekaru masu yawa a haka, yawancin mutanen ƙauye kuwa ba su bar addinin kakanninsu ba. Bikin Gani na Nikki shaida ne. Yana faɗuwa a watan Mauludi, amma abin da ake yi a cikinsa na gargajiya ne: ana busa kakaki, ana sukuwa, sarki yana ziyartar wuraren kakanni, ana yi wa 'ya'yan sarauta aski a raɗa musu suna.

Kada a ɗauka zaman duk daɗi ne. Hanyar da ta ɗauki goro ta ɗauki bayi. Ƙauyukan Taneka da ke manne a kan duwatsu kusa da Jugu, kamar Taneka Beri da Taneka Koko, mafaka ce ta waɗanda suka guje wa masu kamun mutane.

Daga baya hanyar ta mutu. Turawan Ingila sun ci Asante a 1874, yaƙin basasa ya rushe Salaga a 1892, goro kuma ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko. A 1894 Lugard da Faransawa suka yi tseren isa Nikki, a 1898 aka raba Bargu biyu, Busa ga Ingila, Nikki da Paraku ga Faransa. Masu ƙasa ba su yi shiru ba. A 1916 Bio Gera ya ta da Baatonu a kan ɗibar soja da aikin tilas, aka kashe shi a wannan shekara.

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Amma baƙon da ke da alƙalami shi ne ake jin labarinsa, na ɗan gari kuwa yana bakin tsofaffi, yana bin su kabari. Yaron Yom da ya tashi a birni da Dendi da Faransanci kaɗai zai iya manta sunan dutsen da ya ɓoye kakansa. Bahaushen da ke zaune a Paraku ko Jugu a yau, Kirista ko Musulmi, yana da bashi a wuyansa: ya san sunan waɗanda suka ba kakanninsa masauki, ya kuma girmama harshensu.