Jirgin da Ke Gareji Ba Ya Ɗaukar Fasinja: Sake Duba Muhawarar Garambawul a Jakarta

A watan Yunin 2023 gwamnatin Indonesiya ta kashe bakin wata taƙaddama da aka shafe watanni ana tafkawa. Kamfanin KAI Commuter, reshen hukumar jiragen ƙasa ta ƙasar mai jigilar ma'aikata tsakanin Jakarta da garuruwan da ke kewaye da ita, ya nemi izinin shigo da taragai 348 na gwanjo daga Japan, domin jirage 29 daga cikin nasa sun kai lokacin ritaya. Minista Luhut Binsar Pandjaitan ya ce a'a. Za a sayi sababbi, sauran tsofaffin kuma a yi musu garambawul a gida. Ma'aikatar Masana'antu, ƙarƙashin Agus Gumiwang Kartasasmita, ita ce ta fi tsayawa kan garambawul ɗin, kuma hujjarta ce wannan maƙala ke ja da ita.

Tarihin ba baƙo ba ne ga masu nazarin sufuri. Tun shekarar 2000, lokacin da Tokiyo ta ba da kyautar taragai 72, Jakarta ke rayuwa da abin da Japan ta sauke, har da taragai sama da 800 samfurin 205 da suka iso tsakanin 2013 da 2020. Abin da ya sauƙaƙa cinikin shi ne ƙasashen biyu sun yi tarayya a ƙarfin lantarki, bolt 1,500, da faɗin dogo, milimita 1,067, wato faɗin tsohon layin Legas zuwa Kano.

Hujjar ma'aikatar tana da ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. An ƙulla kwangilar gyaran jirage 19 da kamfanin INKA na gwamnati, mai masana'anta a Madiun, kan kimanin rupiya tiriliyan 2.23, wato wajen biliyan 117 kowane jirgi. Sababbi 16 da aka ba INKA ɗin ya ƙera sun tashi kusan tiriliyan 3.8, uku kuma da aka yi oda daga kamfanin CRRC Sifang na ƙasar Sin suka ci biliyan 783. Idan aka raba, sabon jirgi ya ninka gyararre a farashi. Ga shi kuma kuɗin zai tsaya a gida, makanikai da injiniyoyin ƙasar su samu aiki, su koyi sana'a. Duk wanda ya taso a inda ake cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, zai ji maganar ta kwanta masa.

Sai dai da alama lissafin ya manta da wata tambaya da kowane direban motar haya ya san nauyinta: ranar da mota ke wurin bakanike, wa zai ɗauki fasinja?

Garambawul irin wanda ake magana a kai ba fenti da sauya kujeru ba ne. Ana ɗaga gangar jikin kowane tarago daga kan ƙafafunsa, a zare tsofaffin wayoyi, a cire na'urar sarrafa injin da ta birki da ta sanyaya ɗaki, a dasa sababbi, sannan a sake gwada jirgin kamar yau aka ƙera shi. Aikin watanni ne masu yawa, kuma dole a kai jirgin Madiun, can gabashin tsibirin Jawa, ɗaruruwan kilomita daga inda ake buƙatarsa. Jirage 19 masu taragai 12 taragai 228 ke nan. Ko da kaɗan-kaɗan ake janye su, kowane jirgin da ya fita daga layi giɓi ne a jadawalin safiya, a tsarin da ke ɗaukar mutum kusan miliyan ɗaya a ranar aiki.

Wanda ya tsaya a tashar Manggarai da sassafe ya san abin da giɓin ke nufi. Nan ne fasinjojin layin Bogor da na Bekasi ke sauya jirgi, matakala ta cika maƙil, ma'aikata na daga murya ana matsawa ciki. Lokacin da jirage suka yi ƙaranci, kamfanin ya koma rarraba taragai, ana mayar da wasu jiragen masu 12 su koma 10 ko 8 don dai yawan tafiye-tafiye kada ya ragu. A takarda jadawali bai canza ba. A kan dandamali kuwa, mutanen da suka saba shiga ƙofofin taragai 12 su ne ke turereniya a ƙofofin 8, kuma taragan mata biyu, na gaba da na baya, su ma ba su tsira daga matsin ba. Wannan wahala ba ta shiga cikin biliyan 117 ɗin da aka lissafa.

Mai kare matsayin ma'aikatar zai ce wannan matsalar tsara lokaci ce kawai, a janye jirage biyu-biyu, a ɗauki shekaru ana yi. Amsar tana da fuska, amma tana cin karo da shekarun jiragen. An fara ƙera samfurin 205 a 1985, samfurin 6000 na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo kuwa, wanda shi ma Jakarta ta karɓo, tun farkon shekarun 1970 yake aiki. Jirgin da ke ƙarshen layin jiran gyara ba zai daina tsufa don ana jiransa ba, kuma kayan gyaran na'urorinsa na dā tuni masu ƙera su suka daina yi. A hankali-a hankali na nufin wasu su mutu kafin layi ya zo kansu. Da sauri kuma na nufin a kwashe jirage da yawa lokaci guda. Ko ta ina aka ɓullo, fasinja ne ke biya.

Abin da ya biyo baya ya yi kama da amincewa da wannan. A tsakiyar 2024 aka rage jiragen da za a gyara daga 19 zuwa 2, aka ƙara odar sababbi 8 daga CRRC, jimilla 11. Na farkonsu sun sauka a tashar ruwa ta Tanjung Priok a farkon 2025, suka fara ɗaukar fasinja a watan Yuni. Manufar da aka gina domin kuɗi ya tsaya a gida ta ƙare da aika kaso mai tsoka waje, bayan an yi asarar shekara guda.

A nan ya kamata maƙalar ta rage faɗin bakinta, domin shaidar ba ta kai ga cewa garambawul kuskure ne a ko'ina ba. Hasali ma mafi kyawun misalin nasararsa yana yawo a kan dogon Jakarta. Tsakanin 2002 da 2005 kamfanin JR East na Japan ya zuba sababbin jirage samfurin E231 a layin Yamanote na Tokiyo, sai tsofaffin 205 suka samu sarari. An ɗauki wasunsu, an dasa musu na'urar sarrafa injin ta zamani, an tura su layin Musashino, inda suka yi shekaru suna aiki kafin Indonesiya ta saye su daga 2018 zuwa 2020. Abubuwa biyu suka bambanta wannan da shirin 2023. Jiragen ba su kai shekara 20 ba lokacin gyaran, kuma jikinsu na ƙarfe marar tsatsa yana da sauran rai mai tsawo. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, sabo ya riga ya iso kafin tsoho ya shiga gareji. Babu fasinjan Yamanote da ya rasa wurin tsayawa saboda ana gyara.

Iƙirarin da za a iya karewa, ke nan, ya fi na farko ƙanƙanta: garambawul na biyan kuɗinsa ne inda hukuma ke da rarar jirage da za su toshe giɓi, kuma jiragen na tsakiyar shekarunsu. Inda babu rarar, ba madadin sayen sabo ba ne, mataki ne da ke zuwa bayansa.

Akwai sauran abu ɗaya da ya kamata a bar wa ma'aikatar. Tsoronta cewa gwanjo mai araha zai hana masana'antar gida tsayawa da ƙafarta ba tsoron banza ba ne, shekaru 20 na dogaro da Japan sun nuna haka. Amma kwangilar jirage 16 ita ce ta amsa wannan tsoro, ba ta gyaran 19 ba. Kuma an sa mata hannu ne a watan Maris na 2023, a shekarar da jirage 10 na farko suka kai lokacin sauka daga layi, alhali ƙera sabon jirgi na ɗaukar shekara biyu zuwa uku.