Daga Tarar Sule Goma Zuwa Ɗaurin Shekara Biyar: Yadda Birtaniya Ta Tsaurara Hukuncin Azabtar Da Dabbobi

Ranar 29 ga Yunin 2021 wata doka ta fara aiki a Ingila da Wales, wadda ta ba alƙali ikon ɗaure mutum har shekara biyar idan aka same shi da laifin azabtar da dabba. Kafin wannan rana, duk munin abin da mutum ya yi wa kare ko kyanwa, ko da ƙona su ya yi da ransu, kotu ba ta da ikon wuce wata shida. A takarda gyaran ɗan kaɗan ne, amma sai da aka shekara 199 ana tafiya daga dokar 1822 kafin a iso wurin. Abin da ya ja tafiyar kuwa tambaya ɗaya ce: idan aka cuci dabba, wa aka cuta, mai ita ko ita kanta?

A tsohuwar shari'ar Ingila, amsar ita ce mai ita. Doki dukiya ne, saniya dukiya ce. Wanda ya karya ƙafar dokin maƙwabcinsa ya yi ɓarna, zai biya. Wanda ya karya ƙafar nasa dokin kuwa babu mai tambayarsa. A wancan zamanin ma ana ɗaure bijimi a tsakiyar kasuwa a sakar masa karnuka, jama'a na kallo suna caca a kai. A 1800 Sir William Pulteney ya kai ƙudurin hana wannan wasa gaban majalisa, aka kayar da shi da tazarar ƙuri'a biyu. A 1809 Lord Erskine ya kawo nasa ƙudurin, ya tsallake majalisar dattawa ya faɗi a ta wakilai. Masu adawa sun ce ana son raba talaka da ɗan nishaɗinsa, alhali masu kuɗi na farautarsu ba mai hana su. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, domin sai a 2004 aka yi dokar hana farautar yanyawa da karnuka, wadda wasan manya ce.

Wanda ya fasa ƙofar shi ne Richard Martin, ɗan majalisa mai wakiltar Galway a Ireland. Dokarsa ta 1822 ta haramta dukan zalunci ga dawaki, jakuna, alfadarai, shanu da tumaki. Tarar daga sule goma ce zuwa fam biyar, wanda ya kasa biya kuma ya yi zaman gidan yari da bai wuce wata uku ba. Martin bai tsaya ga majalisa ba. Da ƙafarsa yake bin titunan Landan da kasuwar dabbobi ta Smithfield, yana kai masu amalanke da 'yan tiƙe gaban majistare. Wannan halin nasa shi ne darasi na farko a tarihin, kuma har yau bai tsufa ba: doka ba ta kama kowa sai an sami wanda zai kai ƙara. Don haka ne a 1824 shi da William Wilberforce, wanda ya yi fice a yaƙi da cinikin bayi, da wani limamin coci mai suna Arthur Broome da wasu suka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a wani gidan shan gahawa na Landan. Ƙungiyar ta ɗauki masu sa ido, ta riƙa shigar da ƙara da kuɗinta. A 1840 Sarauniya Victoria ta ba ta lambar sarauta, ta koma RSPCA, sunan da take amsawa har yanzu.

Sai dai babu kare babu kyanwa a dokar Martin. Dabbobin da ta lissafa na aiki ne da na yanka, wato masu daraja a kasuwa. Kotuna ma sun yanke cewa bijimi ba ya ciki, don ba a ambace shi da suna ba. Dokar 1835, wadda Joseph Pease ya jagoranta, ita ta shigo da karnuka da sauran dabbobin gida, ta kuma hana haɗa bijimi da karnuka da ajiye wuraren faɗan zakaru. A 1839 aka hana sa karnuka jan amalanke a Landan, a 1854 hanin ya game ƙasa.

A 1911 aka tattara waɗannan dokoki wuri ɗaya, aka sa iyakar hukunci ɗaurin wata shida da tarar fam 25. Shekara ɗaya kawai aka yi, majalisa ta ga kamar ta yi tsanani ta rage ɗaurin zuwa wata uku, kuma a haka ya zauna har 1987 kafin a mayar da shi shida. Abu mafi amfani da aka ƙara a tsakanin shi ne ikon hana mai laifi sake riƙe dabba, wanda ya fara da karnuka a 1933.

Gyara na gaske ya zo a 2006. Kafin nan, sai dabba ta riga ta wahala ake iya kama mai ita. Jami'in RSPCA zai ga kare ɗaure a rana babu ruwa, ya yi nasiha ya tafi, ya jira sai karen ya jikkata. Dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta ɗora wa duk mai riƙe da dabba nauyin ba ta abinci da wurin kwana da suka dace da ita, da barin ta ta yi rayuwa irin ta jinsinta, da kare ta daga ciwo da cuta. Sakaci da kansa ya zama laifi. An kuma hana sayar wa yaro ɗan ƙasa da shekara 16 dabba. A ganina wannan doka ta fi ta 2021 muhimmanci, domin ita ce ta amsa tsohuwar tambayar a fili: dabbar ce aka cuta. Amma a ɓangaren hukunci ta yi rauni. An rubuta ɗaurin mako 51 a cikinta, sai dai an rataya shi ga wani sashe na wata dokar da ba a taɓa fara aiki da shi ba, hukuncin ya ci gaba da zama wata shida. A lokacin, wanda ya amsa laifinsa da wuri kuma akan rage masa kashi ɗaya cikin uku, sannan rabin sauran kawai yake yi a tsare.

Karnuka biyu ne suka tona wannan rauni a 2016. Ta farko wata karya ce mai suna Baby a garin Redcar. 'Yan'uwa biyu sun ɗauki bidiyon yadda ake jefa ta daga saman bene ana tattake ta, suna dariya. Bayan wata uku aka kashe ta da allura, don ƙafafunta na baya sun daina aiki. Da bidiyon ya kai hannun hukuma, kotu ta yanke musu ɗaurin je-ka-gyara-halinka na mako 21, suka koma gida ranar. Dubban ɗaruruwan mutane suka sa hannu a takardar koke, 'yar majalisar yankin, Anna Turley, ta kai ƙudurin ɗaga hukuncin zuwa shekara biyar. Bai samu shiga ba a lokacin, amma maganar ba ta sake kwanciya ba.

Na biyu shi ne Finn, karen 'yan sanda. A watan Oktoban shekarar, a garin Stevenage, wani matashi da ake bi ya soke shi da wuƙa a ƙirji da kai, ya kuma yanki ɗan sandan da ke riƙe da shi a hannu. Finn bai saki wanda ya kama ba har aka kawo ɗauki, kuma ya rayu bayan doguwar tiyata. A kotu, raunin hannun ɗan sandan aka ɗauka a matsayin cin zarafi. A kan abin da ya yi wa karen kuwa, an tuhumi matashin ne da lalata dukiya, daidai da wanda ya fasa gilashin taga. Wannan ya ɓata wa mutane rai ƙwarai, kuma sun yi gaskiya. Daga nan aka yi dokar 2019 da ake kira dokar Finn, wadda ta toshe wa mai kai wa kare ko dokin hukuma hari hanyar fakewa da cewa kare kansa yake yi.

Yankunan Birtaniya ba su tafi tare ba. Ireland ta Arewa ta kai hukuncinta shekara biyar tun 2016, Scotland ta bi a 2020. A Ingila, ministan muhalli Michael Gove ya yi alkawarin haka a watan Satumban 2017, kuma babu jam'iyyar da ta ƙi. Duk da haka ƙudurin ya riƙa mutuwa a hanya, saboda rikicin ficewa daga Tarayyar Turai ya cinye lokacin majalisa, sannan zaɓen Disamban 2019 ya share abin da ya rage. Gidan kula da karnuka da kyanwoyi na Battersea ya riƙa tunatar da 'yan majalisa cewa mai zubar da shara a inda aka hana zai iya shan shekara biyar, mai azabtar da kare har lahira kuwa wata shida. A ƙarshe Chris Loder, mai wakiltar West Dorset a lokacin, ya ɗauko ƙudurin da sunansa, Sarauniya ta sa hannu ranar 29 ga Afrilun 2021. A 2024 aka ƙara da dokar sace kare ko kyanwa, ita ma shekara biyar, bayan farashin karnuka ya yi tashin gwauron zabo lokacin korona. Kafin ta, nauyin laifin ya fi rataya ga kuɗin da dabbar za ta yi a kasuwa.

Amurka ta bi irin wannan hanya jiha-jiha. South Dakota ce ta ƙarshe da ta mayar da mummunar azabtar da dabba babban laifi, a 2014, sannan a Nuwamban 2019 aka sa hannu a dokar tarayya mai ɗaurin da zai iya kaiwa shekara bakwai.

Kada a ɗauka shekara biyar ɗin nan kowa ke sha. Ƙa'idar da hukumar tsara hukunci ta fitar wa alƙalan Ingila a 2023 ta sa shekara biyu a matsayin mafari ga laifi mafi muni, yawancin shari'o'i kuma a kotun majistare suke ƙarewa da tara ko aikin gayya na dole. Haka nan, RSPCA, ƙungiyar agaji mai rayuwa da gudummawar jama'a, ita ce ta daɗe tana ɗauke da mafi yawan ƙararrakin, ba gwamnati ba. Ina goyon bayan tsauraran, domin alƙali yana bukatar fili don ya bambanta mai sakaci da mai mugunta da gangan. Amma abin da ya fi ceton dabba shi ne a ƙwace ta da wuri a kuma hana azzalumin sake riƙe wata, kuma wannan aikin masu sa ido ne, ba tsawon ɗauri ba.

Labarin ya shafe mu, don Turawan mulkin mallaka sun kawo mana irin dokarsu ta 1911. Sashe na 495 na kundin laifuka da aka gada a Kudancin Najeriya yana kan wata shida ko tarar naira 50, kuɗin da yau ba zai sayi ƙwai ɗaya ba. Kundin Penal Code na Arewa shi ma yana da nasa tanadin, sai dai yaushe rabon mai karatu da jin an gurfanar da wani a kansa? Mu kuwa ba mu bukatar kowa ya koya mana asalin maganar. Ɗan makarantar allo ma ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da na mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare. Duk da haka ana lafta wa jaki kayan da ya fi ƙarfinsa, ana cusa shanu a tirela kwana da kwanaki babu ruwa, yara na jifan ɗan kwikwiyo manya na kallo.

Ya kamata majalisun jihohinmu su sabunta waɗannan sassa, su sa tara mai ma'ana da ikon ƙwace dabba daga hannun mai zaluntarta, su kuma ba likitocin dabbobi da sarakunan kasuwa hurumin kai ƙara. Malamai su ɗauko batun a huɗuba, iyaye kuma su tsawata wa yaro tun ranar da ya fara ɗaukar dutse.