Allon madannai marar igiya: yadda za ka zaɓi mai sauƙin kuɗi, marar ƙara, a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Allon madannai, wanda 'yan kasuwa ke kira kibod, shi ne jerin maɓallan da ake buga rubutu da su a kwamfuta. Marar igiya daga cikinsa, wato wanda aka fi sani da wayales, yana aika abin da aka danna zuwa na'ura ta iska. Ba ya buƙatar sabis ɗin MTN ko Airtel, ba ya cin data, kuma babu ruwansa da intanet. Wannan bayani yana da muhimmanci a mazaɓar tarayya ta Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, domin dukkan ƙananan hukumomin uku suna cikin waɗanda aka katse wa layukan sadarwa a watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, a yunƙurin daƙile 'yan bindiga. A daidai wannan lokaci gwamnatin jihar ta hana sana'ar cajin waya a yankunan da matsalar ta shafa. Duk na'urar da mazaunin wannan yanki zai saya, ya kamata ya auna ta da irin waɗannan ranaku.

Yawancin jagororin sayen kibod an rubuta su ne domin mutanen da wuta ba ta ɗauke musu, masu ofis da tebur da kwamfuta. Matashin da ke son rubuta takardar koke ga ɗan majalisarsa, ko neman bayanan kasafin ƙaramar hukuma a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, ko tattara sunayen ƙauyukan da aka tayar, sau da yawa wayar hannunsa ce kwamfutarsa. Rubuta shafi uku da manyan yatsu biyu a fuskar waya aiki ne mai gajiyarwa, kuma kuskure ya fi yawa a cikinsa. Waya mai Android da allon madannai mai kyau suna iya yin mafi yawan aikin rubutu da ake biyan kuɗi a shagon buga takardu a yi wa mutum.

Hanyar haɗawa

Abu na farko shi ne sanin na'urar da za ka haɗa shi da ita, domin iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai zuwa da ɗan ƙaramin risiba, kamar kan filashi, da ake soka wa a ramin USB. Yana aiki a kan zangon rediyo na 2.4 GHz, yana kaiwa kimanin mita 10, kuma da zarar an soka shi ya fara aiki ba tare da wani saiti ba. Ya dace da kwamfutar tebur da tsofaffin laftof. Matsalarsa ita ce risiban: a mafi yawan masu arha, idan ya ɓata, allon ya zama kwandon shara, domin an ɗaure su da juna tun daga masana'anta. Idan kuma waya za ka haɗa da shi, sai ka nemi ƙaramin mahaɗi da ake kira OTG, wanda zai toshe ramin da kake caji da shi, ya kuma riƙa shan batirin wayar.

Na biyu shi ne mai Bluetooth, wanda ba shi da risiba. Yana haɗuwa da waya da tablet da laftof kai tsaye, wasu ma suna riƙe na'urori uku a lokaci guda, ka sauya tsakaninsu da maɓalli ɗaya. Yakan yi barci idan an bar shi, sai harafin farko ya ɗan jinkirta kafin ya farka, kuma tsofaffin kwamfutocin tebur da dama ba su da Bluetooth. Ga wanda waya ce abin aikinsa, wannan shi ne zaɓi, babu wani dogon nazari.

Batir

A nan ne mai saye ya fi yin kuskure, saboda mai caji ya fi kyan gani kuma mai shago ya fi yabonsa. Allon da ke da batirin lithiyum a cikinsa yana nufin ƙarin na'ura ɗaya da za ka kai wurin mai caji ko ka jira wutar KEDCO dominta. Zafin bazara yana rage wa irin wannan batir kwana, kuma idan ya mutu a cikin mai arha, da wuya ka samu wanda zai canza shi. Wanda ke amfani da ƙananan batura biyu na AAA, irin na rimot, ba ya neman komai daga gare ka na tsawon watanni. Kamfanin Logitech na ƙasar Suwizalan ya ce K380 ɗinsa yana kai wata 24 da batura biyu, K380s da ya gaje shi a 2023 kuma wata 36. Alƙaluman kamfani ne, an gina su a kan matsakaicin amfani, amma ko rabinsu aka samu an ci riba.

Fitilar da ke ƙarƙashin maɓallai ita ce babbar mai shan wuta. Misali mai kyau shi ne MX Keys, mai tsada, na wannan kamfani: kwana 10 idan fitila na kunne, wata 5 idan an kashe ta. Mai rubutu da dare zai so hasken, amma ƙaramar fitilar sola a gefe ta fi sauƙi.

Sai kuma irin batirin. Masu arha da ake sayarwa a tebur, na zinc da gawayi, suna saurin ƙarewa kuma suna zubar da ruwa idan sun daɗe a ciki, ruwan ya cinye ƙarafunan da batir ke taɓawa. A nemi wanda aka rubuta wa alkaline. Idan za a yi makonni ba a taɓa allon ba, a cire batura.

Ƙara

Gidajenmu ba su da ɗakin karatu. Mutum yana rubutu ne bayan isha'i, a ɗakin da ƙanne ko yara ke barci, ko a ɗakin kwanan ɗalibai, ko kuma yana naɗar murya yana rubutawa a lokaci guda. Saboda haka rashin ƙara buƙata ce ta gaske, kuma abin da ke ƙarƙashin maɓalli ne ke yanke hukunci a kanta.

Mafi yawan masu arha suna da shimfiɗar roba mai ƙananan tuddai a ƙarƙashin kowane maɓalli. Robar kanta ba ta da ƙara; abin da ake ji shi ne kwaramniyar maɓallin da bai zauna daram ba, musamman dogon nan na tazara da ke ƙasa. Iri na biyu shi ne mai 'yan sanduna biyu da suka gicciye kamar almakashi, irin na laftof. Maɓallansa gajeru ne, ba sa girgiza, kuma a farashi mai sauƙi shi ne ya fi shiru. Na uku shi ne wanda ake kira makanikal, kowane maɓalli da nasa sifirin. Masu wasannin kwamfuta suna sonsa, yana daɗewa, amma nau'insa mai shuɗin ciki an ƙera shi ne takanas domin ya yi ƙas-ƙas, kuma mai shirun cikinsa ya fi ƙarfin aljihun wanda ake wa wannan bayani.

Rubutun da ke jikin kwali ba hujja ba ne, domin kowane kamfani yana iya buga kalmar shiru a kan kayansa. Logitech ya ce MK295, mai zuwa tare da linzamin kwamfuta, ya rage ƙarar bugu da kashi 90 cikin 100, amma da nasa tsohon samfurin ya gwada shi. Gwajin da ya fi amfani shi ne na kunne: ɗora allon a kan tebur, kada ka riƙe shi a hannu, ka buga dogon maɓallin tazara a tsakiya da gefe biyu, sannan Enter da Backspace, ka kuma girgiza shi ka ji ko wani abu na motsi a ciki. Teburin ƙarfe ko na siririn katako yana ƙara amo. Shimfiɗa ɗan ƙyalle a ƙarƙashi yana rage shi sosai.

Haruffan Hausa

Babu allon da za ka samu a kasuwa da aka zana wa ɓ da ɗ da ƙ, kuma ba ka buƙatarsa, domin haruffan daga manhaja suke fitowa. Windows yana da tsarin Hausa a cikin saitin harsuna; idan aka ƙara shi, riƙe maɓallin Alt na hannun dama tare da b, d ko k yana fitar da harafi mai lanƙwasa. Abin dubawa a kasuwa shi ne ko allon yana da wannan Alt ɗin na dama, saboda wasu ƙanana sun cire shi don rage girma. A wayar Android lamarin ya ɗan fi wuya, domin tsarin allon waje daban yake da na Gboard da ke fuskar waya, kuma ba kowace waya ke da Hausa a jerin ba. Manhajar Keyman, wadda ƙungiyar SIL ke bayarwa kyauta, an yi ta ne domin cike irin wannan giɓi.

Wani zai ga wannan ƙaramin abu ne. To, sai ya dubi bambancin "gwamnati ta ƙasa" da "gwamnati ta kasa" a cikin takardar koke. Sunan Ƙanƙara ma da lanƙwasa biyu yake tafiya.

Haka nan a duba jerin haruffan. Kayan hannu da ke shigowa daga Turai, da waɗanda suka biyo ta Nijar, sukan zo da tsarin Faransa, wanda layinsa na sama ya fara da AZERTY, ko na Jamus mai QWERTZ. Namu shi ne QWERTY. Ana iya saita na'ura ta yi biris da abin da aka zana a maɓalli, amma mai koyo zai wahala. Ko a cikin QWERTY, na Amurka da na Ingila sun bambanta a wurin alamar @. Ɗalibin da ke shirin JAMB, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ya fi kowa buƙatar tsarin da ya saba: ba zai shiga ɗakin jarrabawa da nasa allon ba, amma hannun da ya san inda A, B, C, D da N da P suke ba ya ɓata daƙiƙa wajen nema.

Sirri

A 2016 masu bincike na kamfanin tsaron na'urori na Bastille da ke Amurka sun nuna cewa wasu allunan madannai masu arha, na kamfanoni takwas, suna aika abin da aka buga zuwa risiba ba tare da ɓoye shi ba. Da kayan aiki na ƙasa da dala 100 ana iya karanta rubutun, har da kalmar sirri, daga nisan kimanin mita 75. Sun kira matsalar KeySniffer, kuma ba ta shafi masu Bluetooth ba. Ba kowa ne wani zai zauna yana saurare ba, kuma a gaskiya wayar da ba ta da makulli ta fi wannan haɗari nesa ba kusa ba. Amma wanda ke rubuta sunayen shaidu, ko na waɗanda suka biya kuɗin fansa, a yankin da zargin ba da bayanai ga wani ɓangare kan jawo asarar rai, bai kamata ya dogara da allon da ba a san wanda ya ƙera shi ba. Ya zaɓi Bluetooth, ko mai risiba da aka rubuta wa AES 128 a kwalinsa, ko ma mai igiya, wanda ya fi duka arha.

Farashi da wurin saye

Kusan duk waɗannan kaya shigo da su ake yi, don haka farashinsu yana bin dala. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga kimanin 460 zuwa sama da 1,500 a cikin 2024. K380s ya fito a kan kusan dala 40, wanda a wancan canji ya kai naira 60,000 kafin ribar ɗan kasuwa, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wannan ya sa sunayen da aka ambata a sama ma'auni ne kawai na abin da za a nema. Mai ƙaramin ƙarfi zai fi samun biyan buƙata a cikin kayan hannu masu suna, waɗanda galibi sun fi sabo marar suna ƙarko, muddin an gwada su. Idan aka miƙo maka sabon kwali mai babban suna a kan kashi ɗaya cikin huɗu na farashinsa, jabu ne.

Daga Faskari da Sabuwa, Funtuwa ce babbar kasuwa mafi kusa. Daga Ƙanƙara, Malumfashi. Zaɓi mai faɗi yana Kano, a Farm Centre da titin Beirut. Kuɗin mota da halin da hanyoyin yankin ke ciki suna cikin farashin kaya, domin komawa canza allon da ya ƙi aiki na iya fin allon tsada. Saboda haka a gama gwaji a shago. Ka je da wayarka ko laftof ɗinka da batura sababbi. Ka haɗa da kanka, ka buɗe shafin rubutu, ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Ka rubuta jimla da sauri ka ga ko yana tsallake harafi ko yana ninka shi. Ka kashe, ka kunna, ka ga ko yana komawa da kansa. Ka buɗe gidan batir ka duba tsatsa ko farin gari, ka tabbatar risiban da aka ba ka nasa ne. Idan aike za ka yi, ka rubuta wa ɗan aiken waɗannan a takarda.

A karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da samfurin kaya da kwanan wata. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka sayar masa da aibi, ko da an rubuta a bango cewa abin da ya fita ba ya dawowa. Bin wannan haƙƙi daga Sabuwa a kan kayan 'yan dubbai ba abu ne mai sauƙi ba, shi ya sa ya fi kyau a yi yarjejeniyar kwanakin gwaji da mai shago, a sa ya rubuta a bayan rasit.

Bayan saye, babban abokin gaba shi ne ƙurar hunturu. A riƙa rufe allon da ƙyalle ko a mayar da shi kwalinsa, a kifa shi a kakkaɓe lokaci-lokaci, a share tsakanin maɓallai da busasshen buroshi. Maɓallan irin na laftof ba a ɓalle su don shara, saboda 'yan sandunan ƙarƙashinsu suna karyewa. Idan allo mai risiba ya fara yanke rubutu, kafin a ɗora masa laifi a duba ko an soka filashi a ramin USB mai shuɗin ciki kusa da shi. Irin wannan rami yana fitar da hayaniyar da ke dagula zangon 2.4 GHz, kuma sauya wa risiban rami yakan magance matsalar.