Ma'aunin Zaɓen Muhimman Finafinan Shekara: Misali Daga 1957



Gabatarwa

Abin da wannan lacca za ta duba shi ne wata tambaya wadda ake gani kamar mai sauƙi ce, amma in aka zo amsa ta sai a tarar tana da wuyar sha'ani. Tambayar ita ce: idan aka ɗauki shekara guda daga cikin tarihin silima, aka ce a fitar da finafinai biyar waɗanda suka fi muhimmanci a cikinta, da wane ma'auni za a auna su? Masana da 'yan jarida sun daɗe suna irin wannan zaɓe. Alal misali, mujallar Sight and Sound ta Ingila tun daga 1952 take tara ra'ayoyin masu sharhi a kan finafinai duk bayan shekara goma. Kada kuma a ɗauka wannan aiki na raha ne kawai, domin fim ɗin da ya shiga irin wannan jeri shi ake koyarwa a makarantu, shi ake kashe kuɗi a gyara shi idan ya tsufa. Wanda aka bari a baya kuwa, sau da yawa yakan lalace a cikin gwangwaninsa har a manta an taɓa yin sa.

Na zaɓi shekarar 1957 domin ta zama abin gwaji, saboda a cikinta ƙasashe da dama, kowace da irin halin da take ciki, suka fito da ayyuka masu ƙarfi a lokaci guda. A shekarar Indiya ta cika shekara goma da samun mulkin kai. Tarayyar Sobiyat ta fara sassauta wa masu fasaha bayan mutuwar Stalin a 1953 da jawabin da Khrushchev ya yi a 1956 yana fallasa ɓarnarsa. Jafan tana farfaɗowa daga yaƙi, Amurka kuwa talabijin ta fara janye mutane daga gidajen silima. Za mu gwada ma'auni uku a kan wannan shekara, watau kasuwa, da kyauta, da ɗorewa.

Ma'aunin Kasuwa

Idan kuɗin da aka samu a bakin ƙofa shi ne ma'auni, to, a Amurka babu jayayya. Fim ɗin da ya fi kowane ciniki daga cikin na 1957 shi ne The Bridge on the River Kwai na David Lean, wanda aka ɗauka a tsibirin Silan, watau Siri Lanka ta yau. Labarinsa na fursunonin yaƙi ne na Ingila waɗanda sojan Jafan suka tilasta musu gina gadar jirgin ƙasa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da wani kanar wanda girman kai ya sa ya gina wa abokin gaba gada mai inganci.

Fim ne mai kyan tsari ƙwarai, amma mai nazarin tarihi dole ya lura da abin da ya rufe. Hanyar jirgin da ake magana a kanta, wadda ta haɗa Tailan da Bama, ta ci ran fursunonin yaƙi fiye da 12,000, sa'an nan leburori 'yan Asiya da suka mutu wajen gina ta sun ninka wannan adadi sau da yawa. Kusan babu labarin waɗannan leburori a cikin fim ɗin. Abin da kasuwa take nuna mana dai shi ne abin da masu kuɗin shiga silima suke son gani a wannan lokaci, da kuma ƙarfin kamfanin da ya rarraba fim ɗin. Wannan sani ne mai amfani, amma bai isa a kafa hukunci a kansa ba.

Ma'aunin Kyauta

Ma'auni na biyu shi ne kyaututtukan da alƙalai suke bayarwa. A bikin Oscar na watan Maris 1958, fim ɗin nan na gada ya kwashe kyauta bakwai. Ɗaya daga cikinsu, ta tsara labari, an ba da ita ga Pierre Boulle, Bafaranshen da ya rubuta littafin da aka ɗauko labarin daga ciki, alhali kuwa ba shi ya tsara fim ɗin ba. Waɗanda suka yi aikin su ne Carl Foreman da Michael Wilson, amma an ɓoye sunayensu domin an haramta musu aiki a Holiwud bisa zargin suna da alaƙa da kwaminisanci. Sai a 1984 aka amince da haƙƙinsu, a lokacin kuwa dukansu biyu sun riga sun mutu.

Haka kuma a bikin Cannes na Faransa na 1957, babbar kyauta ta tafi ga Friendly Persuasion na William Wyler, fim ɗin da a yau ba kasafai ake ambatonsa ba, sa'an nan The Seventh Seal na Ingmar Bergman ya sami kyauta ta musamman wadda take ƙasa da waccan. Paths of Glory na Stanley Kubrick, wanda ya nuna yadda janar-janar na Faransa suka sa aka harbe sojojinsu uku don su rufe nasu kuskure a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a ko nuna shi a Faransa ba sai a 1975. Ashe ke nan alƙalin biki ɗan zamaninsa ne, siyasar lokacin da tsoron hukuma suna zaune tare da shi a kan kujera.

Daɗin daɗawa, kyauta takan rikita lissafin shekaru. Aparajito na Satyajit Ray ya ci babbar kyautar birnin Venis a 1957, amma a 1956 ya fito a Indiya. Saboda haka ƙa'idar da na bi a nan ita ce, shekarar fim ita ce wadda aka fara nuna shi ga jama'a a ƙasarsa.

Ma'aunin Ɗorewa

Ma'auni na uku, wanda nake ganin shi ne ya fi cancanta a dogara da shi, yana da fuska biyu. Ta farko ita ce, me fim ɗin ya koya wa masu yin finafinai da suka biyo baya? Ta biyu kuma, shin akwai jama'ar da suka riƙe shi, suka ci gaba da neman sa bayan an daina yi masa talla? Hausawa sun ce juma'ar da za ta yi kyau tun daga laraba ake gane ta, amma a sha'anin fim sai juma'ar ta wuce da shekaru kafin a tabbatar. Da wannan ma'auni ne na fitar da biyar ɗin da ke tafe.

Na farko shi ne 12 Angry Men, fim ɗin farko da Sidney Lumet ya shirya domin silima. A tsarin shari'ar Amurka akan zaɓo mutum goma sha biyu daga cikin jama'a su yanke ko wanda ake tuhuma ya yi laifi. A nan wani saurayi ne ake zargi da kashe ubansa, mutum goma sha ɗaya sun ce a hukunta shi, mutum ɗaya, wanda Henry Fonda ya fito a matsayinsa, ya ce a dakata a sake duba hujjoji. Kusan duk fim ɗin a cikin ɗaki guda aka yi shi. Bai yi kasuwa ba a Amurka, kuma kyautar Oscar uku da ya yi takara duk fim ɗin gada ya cinye su, ko da yake ya ci babbar kyautar birnin Balin. Amma an sake yin sa a Indiya a 1986, aka sake a Rasha a 2007, kuma a 2007 ɗin aka shigar da shi cikin kundin finafinan da Amurka take adanawa.

Na biyu shi ne The Seventh Seal daga Suwidin. Wani jarumi ne ya komo daga yaƙin 'yan Salibi ya tarar annoba tana cin ƙasarsa, Mutuwa ta zo ɗaukar ransa, shi kuwa ya nemi su buga darar Turawa domin ya sami jinkiri. Muhimmancinsa a tarihi shi ne, yana cikin finafinan da suka sa masu ilmi a Turai da Amurka suka yarda cewa silima tana iya ɗaukar manyan tambayoyi game da rayuwa da mutuwa, kamar yadda littafi yake ɗauka.

Na uku shi ne Throne of Blood na Akira Kurosawa. Ya ɗauki wasan Macbeth na Shakespeare ya mai da shi Jafan ta zamanin sarakunan yaƙi, ya watsar da baitocin Ingilishi, ya aro tafiya da zama da yanayin fuska daga wasan gargajiyar ƙasarsa da ake kira Noh. Darasin da ya bari yana da amfani ga duk al'ummar da take aron labari daga waje, watau cewa aro yakan yi albarka ne idan an narkar da abin da aka aro cikin al'adar gida har ya zama nata.

Na huɗu shi ne The Cranes Are Flying na Mikhail Kalatozov. Kafin wannan lokaci, yawancin finafinan yaƙi na Sobiyat yabon shugaba da na runduna suke yi. Wannan kuwa ya tsaya a kan wata budurwa, Veronika, wadda masoyinta ya tafi fagen fama bai komo ba, ya nuna rauninta da baƙin cikinta ba tare da ya la'ance ta ba. Mai ɗaukar hotonsa, Sergei Urusevsky, ya riƙe kyamara a hannu yana kutsawa cikin taro da hawan matakala, abin da masu sana'ar suka daɗe suna koyi da shi. Ya ci babbar kyautar Cannes a 1958. A nan kyauta da ɗorewa sun dace.

Na biyar, wanda zan ɗan tsawaita a kansa, shi ne Mother India na Mehboob Khan, wanda ya fito a watan Oktoba 1957. Mehboob ya sake gina wani tsohon fim nasa ne mai suna Aurat na 1940. Nargis ta fito a matsayin Radha, matar wani manomi wanda aka ci bashin rupi 500 domin bikin aurensu daga hannun mai ba da bashi da ruwa, har ya zama kashi uku cikin huɗu na amfanin gonarsu shi yake kwashewa. Mijin ya rasa hannuwansa a wajen aikin gona, kunya ta sa ya bar gida, Radha ta reni 'ya'yanta cikin yunwa da ambaliya, ta ƙi sayar da mutuncinta. Daga ƙarshe ta harbe ɗanta Birju da hannunta sa'ad da ya sace 'yar mai bashin. Shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya shiga takarar Oscar ta finafinan harsunan waje, amma Nights of Cabiria na Federico Fellini ya kayar da shi.

Masu sharhi na Turai ba su cika sa Mother India a sahun gaba ba, suna ganin ya yi tsawo, ya cika waƙa da kuka. To, a nan ne fuska ta biyu ta ma'auninmu take aiki, kuma muna da shaida a gida. Tun daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwara, watau mutanen Lebanon, suka fara shigo da finafinan Indiya gidajen silima na arewacin Nijeriya. Mother India ya shafe shekaru da dama ana maimaita shi a Kano da sauran birane, ba da fassara ba, kuma Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya tarar har a lokacin yana tara jama'a. Dalili a fili yake: bashi, da gona, da kunya, da uwa mai tsaye a kan tarbiyya, duk abubuwa ne da Bahaushe ya sani ba sai an fassara masa ba. Sa'ad da finafinan Hausa na bidiyo suka kunno kai daga 1990, tsarin saka waƙa a tsakiyar labari daga silimar Indiya suka gaje shi. Fim ɗin da ya ƙetare teku ya yi irin wannan zama a zukatan mutanen da ba su jin harshensa, ba shi da bukatar alƙalin wani biki ya tabbatar da muhimmancinsa.

Abin Da Jerin Ya Rasa

Wajibi ne a faɗi cewa kowane zaɓe yana da hasara. An bar Pyaasa na Guru Dutt, labarin mawaƙin da duniya ta wulaƙanta yana raye ta girmama shi da ta zaci ya mutu, wanda mujallar Time ta sa cikin finafinai 100 da ta zaɓa a 2005. An bar Wild Strawberries, fim na biyu da Bergman ya fitar a shekarar, da Paths of Glory. Wani mai nazari yana iya musanya ɗaya daga cikin biyar ɗin da ɗayan waɗannan, ya kuwa kawo hujja mai ƙarfi.

Akwai kuma giɓin da ba na zaɓe ba ne, na tarihi ne. Babu fim ɗin baƙar fatar Afirka a cikin jerin, domin a 1957, shekarar da Gana ta sami mulkin kai, kyamara tana hannun 'yan mulkin mallaka. A ƙasashen rainon Faransa dokar Laval ta 1934 ta hana ɗaukar fim sai da izinin hukuma, shi ya sa Paulin Vieyra da abokansa suka yi nasu, Afrique sur Seine, a birnin Paris a 1955. A wannan shekara ta 1957 ne Jean Rouch yake ɗaukar Moi, un noir a Abijan tare da Oumarou Ganda, ɗan Nijar mai aikin dako, wanda daga baya ya zama darekta da kansa. Sai a 1963 Ousmane Sembène ya fito da Borom Sarret. Jerin finafinan shekara yana nuna wanda ya sami damar yin magana a wannan shekara, shirun da ke cikinsa kuma yana nuna wanda aka hana.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa kasuwa tana auna sha'awar lokaci, kyauta tana auna ra'ayin alƙalan lokaci, ɗorewa kuwa ita take auna abin da fim ya bari. Mun kuma ga cewa ɗorewa ba a birni guda ake ƙidaya ta ba. Wanda ya tsara jerin 1957 daga Landan ko Paris kaɗai zai manta da Mother India, wanda ya tsara shi daga Kano kaɗai zai manta da Bergman da Kalatozov. Saboda haka shawarata ga ɗaliban da za su gwada wannan aiki a kan wata shekara ita ce, su fara bayyana ma'auninsu kafin su ambaci sunan fim ko ɗaya, sa'an nan su tambayi su wane ne aka ƙidaya cikin masu kallo, su wane ne kuma aka tsallake.