Derinkuyu: Garin da ke ƙarƙashin gari

Wannan makon Turkiyya za mu leƙa, yankin Kapadokiya.

A 1963 wani magidanci a Derinkuyu yana gyaran gida ya fasa bango, sai ga ɗaki, bayan ɗakin kuma hanya ta gangara ƙasa. Ashe gari guda ne, zurfinsa kusan mita 85. Dutsen wurin tokar aman wuta ce da ta daskare, shi ya sa yake sassaƙuwa ba wuya.

Tsoro ne ya sa aka yi ta faɗaɗa shi. Zamanin yaƙe-yaƙen Rumawa da Larabawa, da an hango mahara sai jama'a su sauka da iyali da dabbobi da hatsi, su mirgino ƙaton dutse mai siffar faifai su toshe ƙofa daga ciki. An ƙiyasta zai ɗauki mutum 20,000.

Ni dabarar manoman ta fi burge ni. Turken dabbobi na hawan sama, ga rumbuna, ga wurin matse mai, ga rami mai zurfin mita 55 da ke shigo da iska, shi ne kuma rijiya.

Kiristocin yankin masu jin Girkanci sun tashi a musayar jama'a ta 1923. Tun 1969 aka buɗe wa baƙi wani ɓangare. Mai niyyar zuwa ya shirya tafiya a sunkuye.