Daga ayarin madugu zuwa zangon ƴan sikawut: tarihin dokokin doguwar tafiya tsakanin Gidan Rumji da Gazawa

Wanda ya kama babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji ya fuskanci gabas, ya bi ta Tsibiri da Maraɗi, ya wuce Cadawa da Agye har ya sauka Gazawa, ya ci fiye da kilomita 150, kuma mota ba ta ɗaukar rabin yini kafin ta gama da shi. Malamin makarantar da ya ƙudura fita da yara talatin su yi wannan tafiya da ƙafa, lissafinsa daban ne. In ana cin kilomita 15 a yini, kwana goma ke nan, kuma kowane dare yana zuwa da tambayoyinsa: a filin wa za a kwana, a rijiyar wa za a sha, da icen wa za a dafa? Littattafan ƴan sikawut, ko ƴan iskut kamar yadda bakin Nijar ya saba faɗi, sun koyar da kafa tanti da ɗaurin igiya da karanta taswira. Waɗannan tambayoyi uku kuwa, ƙasar ta daɗe da amsa su tun kafin a ga ƙyallen wuya na farko a cikinta.

A tsakiyar watan Janairu na 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdul Karim, ya iso Tasawa tare da ayarin gishiri na Abzinawan Kel Owi. Su uku ne Turawan da suka tsallako Sahara, amma sun raba hanya: James Richardson ya nufi Damagaram, Adolf Overweg ya yi wajen Maraɗi da Gobir, shi kuwa Barth ya bi ayari zuwa Kano. Zangon da ya biyo bayan Tasawa shi ne Gazawa, wadda ya tarar gari ne na bakin daga, kewaye da kafi da gwalalo. Dalilin kafin ba ɓoyayye ba ne. Tun bayan jihadi sarautar Katsina ta rabu biyu, Fulani suna riƙe da birni, zuriyar tsofaffin sarakuna kuma sun kafu a Maraɗi tun zamanin Ɗan Kasawa, kuma tsakanin Gazawa da Katsina daji ne da yaƙi ya kore wa mutane. A cikin dajin nan Barth ya wuce kufan Ɗankama, inda labari ya ce Sarkin Katsina Magajin Halidu ya faɗa rijiya bayan an ci shi da yaƙi. Ayarin ya ratsa lafiya. Matsalar Barth ta same shi ne a cikin birnin Katsina, inda sarki Muhammadu Bello ya tsare shi kwanaki kan maganar gaisuwa, har sai ranar 2 ga Fabrairu ya shiga Kano.

Abin lura a labarin shi ne, mutum mai kamfas da agogo da takardun gwamnatin Ingila bai iya taka wannan ɗan tsakani shi kaɗai ba. Sai da ya shiga inuwar ayari ya bi dokarsa, ya tashi sa'ad da aka tashi, ya sauka inda aka sauka.

Dokar ayari kuwa tsohuwa ce, kuma fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sun kai ta matuƙa a ƙarni na 19. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya bi diddigin tsarin a littafin da ya fitar a 1980 kan fataucin goro. Ayari guda yakan tara mutum dubu ko fiye, da jakai da alfadarai, kuma zuwa Salaga da dawowa yakan ci watanni masu yawa, wani lokaci shekara. Madugu shi ne uban tafiya, amma ba shi ke gaba ba: jagaba ne ke shiga gaba, don shi ya san hanya da mashigin gulbi da inda ruwa yake, madugu kuwa yakan biyo baya, inda gajiyayyu da marasa lafiya suke, inda kuma mahara suka fi kai farmaki. Akwai uban dawaki mai taimaka masa da tsarin zango, akwai malamin ayari mai sa ranar tashi da riƙe lissafi da rabon gadon wanda ajali ya riska a hanya, akwai makaɗi mai sanar da tashi da sauka. Da rani ake fita. Ana ɗaura kaya tun asuba, a yi tafiyar sa'o'i biyar ko shida, a sauka kafin rana ta yi tsanani, saboda dabbobi su samu kiwo, mutane kuma su kafa bukkoki da hasken rana.

Babban aikin madugu, duk da haka, magana ce. Shi ke zuwa gaban sarkin kowace ƙasa ya yi gaisuwa, ya daidaita kuɗin fito a madadin kowa, sannan a raba wa fatake gwargwadon kayansu. A gari kuma akwai fatoma, mai masauki, wanda ke tsaya wa baƙo a kasuwa da gaban alƙali. Arzikin madugu sanin mutane ne: wane sarki ke cika alkawari, wane gari ke cikin rikici bana. Irin wannan sani ne ya sa Bajamushe Eduard Flegel ya dogara ga Madugu Muhamman Mai Gashin Baki a tafiyarsa ta Adamawa, har ya tafi da shi Berlin a 1884.

Tarihi yana da wasa. A watan Janairu na 1896, shekara huɗu bayan yaƙin basasar da ya watsa kasuwar Salaga, rundunar Ingila ta shiga Kumasi, a cikinta akwai sojojin Hausa, kuma hafsan da ya jagoranci ƴan share hanya da leƙen gaba shi ne Robert Baden-Powell. Bayan shekara 11, daga 1 zuwa 8 ga Agusta 1907, mutumin nan ya tara yara kimanin 20 a tsibirin Brownsea, a kudancin Ingila, ya kasa su rukuni huɗu, kowane rukuni da shugabansa daga cikin yaran, yana tashin su da safe da ƙahon gwanki irin na kudancin Afirka da ya samo a ƙasar Matabele. A 1908 ya buga littafin da ya zama tushen ƙungiyar. Tsarin rukuni dabara ce mai kyau, ba mai musun haka: yaro ɗan shekara goma sha huɗu da aka ɗora wa nauyin ƴan'uwansa biyar yana koyon abin da allo ba ya koyarwa. Sai dai a tuna Brownsea tsibiri ne na mutum guda, Charles van Raalte, wanda ya ba da izini sau ɗaya aka gama. Babu gonar kowa a gefen tanti, babu garken da zai biyo da yamma, babu matan da ke jiran layi a bakin rijiya. Dokokin zango da suka fito daga can sun ɗauka cewa daji fili ne da ba mai shi.

Ta hannun Faransa abin ya iso nan. A can an kafa ƙungiyar da ba ruwanta da addini a 1911, ta ƴan Katolika kuma a 1920, sannan suka bazu cikin ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, ɗaya ta makarantun gwamnati, ɗaya ta gidajen mishan. A Nijar an fara a 1947, amma sai a 1996 ƙungiyar ƙasar ta shiga ƙungiyar sikawut ta duniya. Tsakanin shekarun nan biyu, matasan karkarar Maraɗi sun fi sanin samariya. Tsohon tsari ne na ƙauye, mai sarkin samari da muƙarrabansa, mai kiran gayya da shirya wasa da saukar baƙin samarin da suka zo daga wani gari. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kunce ya farfaɗo da shi ya mai da shi hannun gwamnati, aka gina azuzuwa da shi, aka kuma yi siyasa da shi. Ko me za a ce game da wancan zamani, samariya ta riƙe abu guda da ayari ya sani: matashin da ya je garin wani yana da mai masauki, kuma mai masaukin ne ke amsa tambaya a kansa.

Wurin da littafin Turai da ƙasar Maraɗi suka fi saɓawa shi ne kalanda. Babban hutun makaranta, daga Yuli zuwa Satumba, an gaje shi daga Faransa, inda lokacin ne rana ke daɗi ana fita zango. A nan kuwa tsakiyar damina ce. Gero ya rufe ƙasa daga bakin gari zuwa bakin gari, Gulbin Maraɗi yana kawo ruwa ta Madarumfa da Tsibiri da Gidan Rumji, sauro ya yi yawa, zazzaɓin cizonsa yana cika asibitoci, iyaye kuma suna bukatar hannun yaransu a gona. Bazara ba ta fi ba: zafi yakan haura digiri 40, rijiyoyi suna ja baya, kuma lokacin sanƙarau ne, wanda ya yi wa Nijar mummunar ɓarna a 1995, ya sake dawowa a 2015. Abin da ya rage shi ne ɗan hutun ƙarshen Disamba, bayan an kai amfani rumbu, sa'ad da hunturu ke kaɗawa. Watan fatake ke nan, kusan watan da Barth ya sauka Gazawa. Malamin da ya zaɓe shi sai ya tanadi bargo fiye da tanti, domin sanyin asuba ne zai kwantar masa da yara.

Sai maganar fili, wadda ta fi kowace nauyi. Dajin da Barth ya ratsa cikin tsoro ya zama gonaki tun zamanin gyaɗa, kuma Agye da Gazawa, wadda aka cire daga Agye ta zama gunduma a 2011, suna cikin yankunan da mutane suka fi cunkushewa a karkarar Nijar. Filin da baƙo zai gani fayau da rani ya ce ba na kowa ba ne, ko dai gona ce da aka girbe, ko makiyaya, ko burtali. Kafa tanti a kan burtali kuwa tare hanyar shanu ne. Mutanen jihar ba su manta da Toda ba, a yankin Gidan Rumji, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100 a watan Oktoba na 1991, akasarinsu mata da yara. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta zo da hukumomin kula da filaye, amma har yanzu mai gari ne zai nuna wa baƙo inda zai sauka ba tare da ya taka haƙƙin wani ba, kuma sau da yawa amsarsa ita ce harabar makarantar ƙauyen. Wasu shugabannin sikawut suna ganin kwana a harabar makaranta ragwanci ne. Fatake ba su taɓa jin kunyar sauka a zangon da gari ya ware musu ba.

Ice ma haka. Littafin sikawut yana son a sari sanduna a yi gada da hasumiya, a hura babbar wuta da dare a kewaye ta da waƙa. Amma itatuwan da ke tsaye a gonakin Agye ba da kansu suka tsaya ba. Tun shekarun 1980, bayan fari, manoman Maraɗi suka rungumi sassabin zamani, wato barin tohon kututture a gona a gyara shi ya girma, dabarar da Tony Rinaudo ya yaɗa daga 1983. Ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna da kwamitin da ke tsaron gawo da kalgo da sabara daga masu gatari. Dazuzzukan Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado na gwamnati ne, goribar Gulbin Kaba kuma abincin masu saƙar tabarma da igiya ce. Rukunin yaran da ya sari reshe ɗaya a irin wannan wuri ya jawo wa malaminsa zama gaban mai gari. Kuɗin ice da na ruwa, ashe, suna cikin kasafin tafiya tare da kuɗin shinkafa da garin rogo, kamar yadda kuɗin fito yake cikin lissafin madugu.

Daga nan sauran shirin ba ya bukatar dogon bayani. Takardar yardar iyaye, sanar da sufeton makarantu da hukumar gunduma da jandarmomi, sanin asibiti mafi kusa da kowane zango, malama mace idan akwai ƴan mata, tsaida tafiya a kan lokutan salla: duk malami ya san su. Wanda ake yawan mantawa shi ne aikin jagaba, wato babba guda ya bi hanyar tun kafin ranar tashi, ya gaida kowane mai gari, ya ɗanɗani ruwan kowace rijiya ko famfo, ya tambayi ranar kasuwa. Na biyu shi ne wurin shugaba a cikin jeri. Mai usur yana son gaba, inda ake ganinsa. Yaron da takalmi ya ci wa ƙafa kuwa yana can baya.

Akwai kuma hukuncin da madugu kaɗai ke yankewa, na fasa hanya. A 2019 hare-haren ƴan bindiga a jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina sun koro dubban mutane zuwa jihar Maraɗi, mafi yawansu cikin gundumar Gidan Rumji, har aka tsugunar da wasu a Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori, nesa da iyaka. Satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa sun tsallako zuwa ƙauyukan bakin iyaka na Gidan Rumji da Madarumfa. A watan Agustan shekarar Najeriya ta rufe iyakarta har zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023. Taswirar da aka buga kafin waɗannan shekaru tana nuna dajin Baban Rafi da koren launi, wuri mai kyau ga zango, kuma ba za ta faɗa wa malami abin da direban motar kasuwa ko mai garin da ke gefen dajin zai faɗa masa cikin minti biyar ba. Ayarin 1851 ya ratsa dajin Ɗankama ne da ɗaruruwan manya masu takobi da mashi, kuma gishirin da ya ɗauko daga Bilma dole ne ya kai kasuwa. Yara talatin masu ƙyallen wuya ba su da irin wannan dole, kuma tsakanin Cadawa da Agye da Gazawa, a gefen kwalta, akwai ƙauyuka masu makaranta da famfo da suka isa a jera zango biyar.